Abba Ya Ce Albashin Kuɗin Giya Ne, In Karɓi Aikin?

Assalamu alaikum, Barista. Ni budurwa ce 'yar shekara 27, haifaffiyar Kano, amma tun ina sakandare muke zaune a Houston ta jihar Texas a Amurka. Bara na gama karatun lauya, na ci jarrabawar samun lasisin aiki, na kuma jima ina neman wurin da zan fara. Yanzu wani ƙaramin ofishin lauyoyi ya ce zai ɗauke ni, sai dai aikinsu guda ɗaya ne tak, kare waɗanda aka kama suna tuƙi cikin maye. Albashin ba laifi, ga bashin karatu a wuyana. Da na faɗa wa Abba, sai ya yi shiru, can daga baya ya ce shi bai sha wahalar karatuna don in zama lauyar 'yan giya ba, kuma ko sisi daga wannan albashin kada in shigo masa da shi gida. Umma ba ta hana ba, ita damuwarta bakin mutane, ga maganar aure da ake yi. Ni kaina zuciyata ta rabu biyu. Ina son aikin kotu, amma in na fitar da mutum yau, gobe ya je ya take ɗan wani fa? Mai ofishin ya ba ni mako biyu in ba shi amsa. Ofishin lauyoyin gwamnati masu kare marasa ƙarfi su ma sun kira ni ganawa, amma albashinsu bai kai wancan ba. Don Allah a ba ni shawara.

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Barka da kammala karatu, Allah Ya sa albarka a ciki. Na lura daga ke har su Abba, a kan sunan aikin kuke ta kai-kawo, babu wanda ya zauna ya dubi abin da hannunki zai riƙa yi daga Litinin zuwa Juma'a. Bari mu fara da wannan, don duk sauran maganar a kansa za ta tsaya.

Wayar farko galibi da sassafe take shigowa, daga wanda aka saki a kan beli ko daga matarsa. Tambayarki ta farko ita ce ranar da aka kama shi, saboda a Texas kamun tuƙi cikin maye shari'a biyu yake haifarwa. Akwai ta laifi, wadda kan ja watanni a kotu, akwai kuma ta lasisin tuƙi, wadda ba ta jiran kowa. Wanda ya ƙi yarda a gwada shi, ko ya busa na'urar auna barasa ta nuna 0.08 ko fiye, wato iyakar barasa a jiki da doka ta sa wa direba, kwana 15 gare shi daga ranar da aka miƙa masa takardar sanarwa ya nemi a saurare shi. In ya bari suka wuce, a kwana na 40 lasisin zai tsaya da kansa, na kwana 90 ga wanda ya faɗi gwajin, na kwana 180 ga wanda ya ƙi, in karon farko ne. Wanda kuwa aka ɗebi jininsa da yardarsa, tasa sanarwar ta gidan waya take zuwa bayan sakamako ya fito, kuma sau da yawa tsohon adireshin da ke jikin lasisinsa take tafiya, shi yana can bai sani ba. Sabon lauya a nan ya fi yin ɓarna, tun kafin ya taka kotu. Zaman sauraron lasisin yana da wani amfani ko da ba a ci nasara ba: za ki iya sa a kira ɗan sandan da ya yi kamun, ya amsa tambayoyinki bisa rantsuwa, maganarsa ta shiga rubuce tun kafin babbar shari'ar.

Daga nan sai kallon bidiyo, kuma shi zai cinye mafi yawan lokacinki. Tun farkon 2014 dokar Michael Morton ta wajabta wa masu gabatar da ƙara a Texas su miƙa wa lauyan wanda ake tuhuma abin da ke hannunsu in ya nema, har da hoton kyamarar motar 'yan sanda da ta jikinsu. Za ki zauna da rahoton ɗan sanda a hannu ɗaya, kina tsayar da bidiyo daƙiƙa bayan daƙiƙa. Me ya sa aka tsayar da motar tun farko? Ya rubuta cewa direban yana tangaɗi, shin hoton ya nuna haka? Sannan gwaje-gwaje uku na bakin hanya da hukumar kiyaye haɗurra ta tarayya, NHTSA, ta tsara. A na farko ɗan sanda yana riƙe alƙalami inci 12 zuwa 15 daga hancin mutum yana kai shi dama da hagu, yana neman rawar ƙwayar ido. Alamu 6 ne, uku a kowane ido, in ya ga 4 sun ishe shi. Na biyu taku 9 ne a kan layi, dunduniya na taɓa yatsun ɗaya ƙafar, a juya, a dawo da wasu 9. Alamu 8, biyu sun isa. Na uku tsayuwa da ƙafa ɗaya, ɗayar a ɗage inci 6, har daƙiƙa 30. Alamu 4, nan ma biyu sun isa.

Ki duba yadda biyun nan suke saurin cika. Dattijo direba da Turancinsa bai nuna ba, a tsaye a gefen babbar hanya da tsakar dare, sanye da silifa, manyan motoci na wucewa suna kaɗa shi. Ya fara taku kafin ɗan sanda ya gama bayani, alama ɗaya ke nan. Ya ɗan buɗe hannuwa don kada ya faɗi, ta biyu. A takarda ya faɗi gwajin, ko da ruwan shayi ne a cikinsa. Littafin horar da 'yan sandan kansa ya yarda cewa wanda ya haura shekara 65, da mai ciwon baya ko ƙafa ko cikin kunne, kan sha wuya a gwajin tafiya da na tsayuwa, kuma mai takalmi da tsinin dunduniya ya wuce inci 2 a ba ta damar cirewa. In ba ki san wannan littafin fiye da ɗan sandan ba, ba za ki ga inda ya tsallake ba.

Na'urar busawa kuwa, a Texas Intoxilyzer 9000 ake amfani da ita. Dole mai gwajin ya kasance tare da mutumin minti 15 kafin ya busa, domin gyatsa ko amai kan dawo da barasa cikin baki, na'ura ta karanta fiye da abin da ke cikin jini. Sau biyu ake busawa, kuma kada tazarar sakamakon biyu ta wuce 0.02. Kamar sikelin mai awo a kasuwa take, in ba a duba ta ba, kowa da abin da za ta zabtare masa. A 2018 kotun ƙolin jihar New Jersey ta ce ba za a dogara da sakamakon busawa a shari'u sama da 20,000 ba, saboda jami'in da ke daidaita na'urorin yana tsallake matakin auna zafi. A Afrilun 2023 ta Massachusetts ta buɗe wa mutum kusan 27,000 ƙofar neman a sake duba shari'arsu, bayan an gano ofishin da ke kula da na'urorin ya ɓoye takardun da ke nuna matsala. Lauyoyi irin waɗanda Abba yake kira na 'yan giya ne suka dage har waɗannan abubuwa suka fito fili.

Gwajin jini ya fi wuya, kuma a Houston shi za ki fi haɗuwa da shi, don wanda ya ƙi busawa akan nemo waranti daga alƙali a ɗebi jininsa. Tun hukuncin McNeely na 2013 da na Birchfield na 2016, Kotun Ƙolin Amurka ta nuna cewa ɗibar jini a bisa ƙa'ida sai da yarda ko waranti, don haka za ki karanta rantsuwar da ɗan sanda ya kai wa alƙali layi-layi. Za ki tambayi wa ya ɗebi jinin, da me ya goge fatar, ko kwalbar mai murfi ruwan toka ce da ke da garin hana jinin lalacewa da na hana shi daskarewa, ko an jujjuya ta ya gauraya, kwana nawa ta yi kafin ta shiga firji, hannu nawa ta bi. Sakamakon asibiti daban yake da na ɗakin gwajin 'yan sanda, saboda asibiti ruwan jinin yake aunawa, adadinsa kuma kan haura na cikakken jini da kusan kashi 15 cikin 100. Sai maganar lokaci. Jiki yana ƙone kusan 0.015 a kowace awa, amma bayan kurɓar ƙarshe adadin hawa yake fara yi kafin ya sauka, don haka abin da aka auna ƙarfe uku na dare ba lallai shi ne na ƙarfe ɗaya lokacin da mutumin yake kan sitiyari ba. In lissafi da kimiyya suna gundurarki, ki san da wannan tun yanzu, don rabin sana'ar su ne.

Kada dai in yi miki ado da yawa. Mafi yawan waɗanda za su zauna a gabanki sun sha, sun kuma yi tuƙi, bidiyon ma ya nuna. Yawancin shari'un nan da sasanci suke ƙarewa, kaɗan ne ke kai wa gaban masu taimaka wa alƙali yanke hukunci, mutum 6 a ƙaramin laifi, 12 a babba. A irin waɗannan fayilolin aikinki shi ne ki san abin da ke jiran mutumin, ki gaya masa ba ɓoye-ɓoye. Karon farko ɗaurin kwana 3 zuwa 180 ne da tarar da ta kai dala 2,000, ban da wata tarar jiha ta dala 3,000. In adadin ya kai 0.15, ɗaurin kan kai shekara guda. Karo na uku babban laifi ne, shekara 2 zuwa 10. In akwai yaro ƙasa da shekara 15 a motar, ko karon farko ne babban laifi ne. In aka rasa rai, shekara 2 zuwa 20. Tun Satumban 2019 mai laifin farko da adadinsa bai kai 0.15 ba yana iya samun ɗaurin talala da za a jingine hukunci, galibi da sharaɗin a haɗa wa motarsa na'urar da sai ya busa ta za ta tashi. Lauya mai hankali tun makon farko yake tura mutum a duba yanayin shansa, ya shiga ajin gyara hali, a sa na'urar tun kafin alƙali ya ce a sa. Mai gabatar da ƙara yakan sassauta in ya ga haka, mutumin kuma ya fara magani alhali tsoro bai sake shi ba, wanda shi ne lokacin da ya fi jin magana.

Akwai wani gefen da ke kika fi yawancin abokan karatunki dacewa da shi. Houston cike take da baƙi 'yan Afirka masu tuƙa manyan motoci da motocin haya. Mai lasisin tuƙin kasuwanci iyakarsa 0.04 ce in yana kan babbar mota, kuma in aka same shi da laifi ko da a motarsa ta gida ce, shekara guda zai yi ba aiki, karo na biyu kuma hanin na rai-da-rai ne. Jingine hukuncin da na ambata bai shafe shi ba. Wanda ba ɗan ƙasa ba kuwa, kamun kaɗai kan sa a soke masa biza, kuma tun 2019 hukumar shige da fice tana ɗaukar wanda aka samu da wannan laifin sau biyu a matsayin wanda bai cika sharaɗin kyawun hali ba, sai in ya kawo hujja mai ƙarfi. Hukuncin Kotun Ƙolin Amurka a shari'ar Padilla na 2010 ya ɗora wa lauya nauyin gaya wa mutum abin da amsa laifi zai yi wa zamansa a ƙasar. Sasancin da yake sauƙi ga ɗan ƙasa yana iya raba baƙo da iyalinsa, kuma ofishin da ke gaggawar rufe fayil ba ya tsayawa tambayar wace takarda mutum yake riƙe da ita.

Yanzu tambayar da ta fi damunki, ta ɗan wani da za a take. Ba zan raina ta ba. A 2022 mutum 13,524 ne suka mutu a Amurka a haɗurran da direba ya kai 0.08 ko fiye, kusan kashi ɗaya cikin uku na duk mace-macen hanya. Ƙungiyar MADD da ta matsa aka tsaurara dokokin nan, uwa ce ta kafa ta a 1980 bayan wani da aka sha kamawa ya kashe mata 'ya mai shekara 13. In kika daɗe a wannan sana'a, wata rana za ki ga sunan wanda kika taɓa karewa ya dawo da laifin da ya fi na farko muni. Babu lauyan da zai iya yi miki alƙawarin hakan ba zai faru ba. Abin da ke hannunki shi ne yadda kika sallami mutumin. Wanda aka kori ƙararsa saboda kuskuren ɗan sanda, kada ya fita ofishinki yana ganin ya ci bulus. Ki zaunar da shi ki kunna masa bidiyon kansa, ki ce masa wannan karon ƙa'ida ce ta fitar da shi, ki ba shi lambar wurin magani. Kuma kina da damar ki faɗa tun ranar ɗauka cewa fayil ɗin da aka rasa rai a cikinsa ba za ki riƙe ba, aƙalla a shekarun farko. Dama ba fayil ɗin sabon lauya ba ne.

Maganar addini kuma, Abba bai faɗi abin banza ba. Giya haramun ce da nassin Suratul Ma'ida, hadisi kuma ya la'anci mutum goma a kanta, daga mai matsa ta har mai sayarwa da mai cin kuɗinta. Lauyan da ke tsaya wa wanda ake tuhuma ba ya cikin goman, kuɗin da kike karɓa kuma ladan wakilci ne. Malaman fiƙihu sun halatta wakilci a gaban alƙali, sun kafa cewa hujja tana wuyan mai da'awa, amma sun hana mutum ya tsaya wa abin da ya san ƙarya ne, suna kafa hujja da ayar da ta hana taimakon juna a kan zunubi da wadda ta hana yin husuma domin maha'inta. Dokar aikinki ma a nan ta ja layi: ba ki da ikon gabatar da shaidar da kika san ta ƙarya ce, ko ki sa mutum ya rantse a kan abin da ya gaya miki ba haka yake ba. Inda gizo ke saƙar shi ne fayil ɗin da mutum ya ce miki ya sha, amma warantin jinin bai inganta ba, kika sa aka jefar da sakamakon. A kotu ba ki ce bai sha ba, cewa kika yi hukuma ba ta bi ƙa'idar da ta ɗora wa kanta ba. Wannan ita ce ainihin tambayar da za ki kai wa malami, kuma ki zaɓi wanda ya san tsarin shari'ar Amurka. In kika ce masa kawai kina so ki kare 'yan giya, kin riga kin ba shi amsar. Ki ba shi misalai uku: dattijon mai silifa, wanda ya amsa laifi kina nema masa sassauci da magani, da wannan na warantin. Ki nemi hukuncin kowanne daban.

Shi kuma Abba, kada ki tunkare shi da hujjojin kotu. Uba da ya yi shiru kafin ya yi magana mai zafi, tsoro yake ji, tsoron abin da zai ci da tsoron abin da za a ce a masallaci ranar Juma'a. Kuma kada ki fara aikin a ɓoye, a garin da 'yan gida suka san juna ba ya ɓoyuwa. Ki samu babban da yake jin nauyinsa, baffanki ko limamin da yake sallah a bayansa, ki fara yi masa bayanin da na yi miki, sannan ku je tare. Ki roƙi Abba abu ɗaya, shi ya zaɓi malamin da za a tambaya, ku je gaban malamin tare, ki kuma ce masa za ki bi abin da aka faɗa. In kika furta haka, to ki shirya cikawa. In zai yarda ya raka ki kotun ƙananan laifuka ta gundumar Harris da safe ɗaya, ƙofa a buɗe take ga kowa, gani ya kori ji. Zai ga ma'aikatan jinya da magina da ɗalibai a kan benci, da wasu da ba giya suka sha ba, maganin barci ko na ciwo da likita ya rubuta musu ne, don dokar Texas ba ta bambanta ba in hankali ko jiki ya gushe daga yadda ya saba. Umma kuwa amsa take nema da za ta ba mutane, ki ba ta ta gaskiya kuma gajera: lauyar shari'ar laifuka ce. Wanda ake maganar auren da shi, shi ki gaya masa komai da bakinki.

Abin da ya fi ba ni tsoro a wasiƙarki ofishin ne, don ba ki ce komai a kansa ba sai albashi. A wannan fannin akwai ƙwararru na gaske, akwai kuma masu tara fayil ɗaruruwa da talla, su karɓi kuɗi, su sa kowa ya amsa laifi a zama na biyu. A irin na biyun, cikin shekara guda za ki gaji, ba ki koyi komai ba, kuma a nan ne zargin Abba zai zama gaskiya. Cikin makon nan ki koma ki yi tambaya, ba rashin kunya ba ne. Fayil nawa kowane lauya yake riƙe da shi a lokaci guda? Shari'a nawa suka kai gaban masu taimaka wa alƙali bara, wa ya tsaya, kuma yaushe za a zaunar da ke a kujera ta biyu, wato mataimakiyar lauyan da ke jan shari'ar? Suna neman zaman lasisi a kowane fayil, suna kiran ɗan sandan? Wa yake karanta takardun ɗakin gwaji? Daga ina mutane suke zuwa musu? In kika ji ana ba masu tsaya wa mutane beli ko direbobin janwe wani abu don su turo mutane, ki tashi, wannan laifi ne a Texas da kan ci lasisin lauya. Ki nemi ganin takardar yarjejeniyar kuɗi da suke ba mutane. A shari'ar laifi an hana sharaɗin sai an ci nasara a biya, kuma kuɗin da ba a riga an yi aikinsa ba asusun amana yake shiga. In wani kaso na albashinki ya rataya a kan yawan mutanen da kika sa suka sa hannu, dillaliya suke nema. Ki tambaya ko suna da inshorar kuskuren aiki, don Texas ba ta tilasta ba. Sannan ki buɗe shafin ƙungiyar lauyoyin jihar a intanet ki duba ko an taɓa ladabtar da mai ofishin, a fili yake.

Kafin ki auna albashi da albashi, ki duba irin bashin da ke kanki. In na gwamnatin tarayya ne, akwai shirin da ke yafe ragowar bayan biya 120, wato shekara goma, ga mai aiki da gwamnati ko ƙungiyar da ba ta neman riba, ofishin kare marasa ƙarfi da na masu gabatar da ƙara duk suna ciki, ofishin mai zaman kansa ba ya ciki. Ki zauna da takarda ki lissafa, tazarar albashin tana iya ƙanƙancewa ko ta juye. Sai dai ki gaya wa Abba gaskiya, a ofishin gwamnatin ma fayilolin tuƙi cikin maye za su zo teburinki, a gauraye da sata da faɗa da sauransu. Akwai wasu ƙofofi biyu da ba ki ambata ba. Ɗaya ofishin masu gabatar da ƙara, inda da yawa cikin gwanayen wannan fanni suka fara, suka koyi gwaje-gwajen daga ɗaya ɓangaren. Ɗayar kuma tsaya wa waɗanda aka buge: tun 1987 dokar Texas ta ba da damar a kai ƙarar mashayar da ta ci gaba da zuba wa wanda maye ya bayyana a jikinsa har ya fita ya yi ɓarna. Ilimin jinin da na bidiyon duk ɗaya ne, kujerar ce ta bambanta.

In ra'ayina kike so, ki je ganawar ofishin gwamnatin da niyyar karɓa. Shekara biyu a can za ta tsayar da ke gaban alƙali fiye da yadda ƙaramin ofishi zai bari, za ki ga laifuka iri-iri kafin ki ɗaure kanki da guda, Abba kuma zai samu lokacin da zai ga aikin da idonsa. Ƙwarewa a tuƙi cikin maye ba za ta gudu ba, hukumar da ke ba lauyoyin Texas shaidar ƙwarewa a shari'ar laifi ma sai mutum ya yi shekara biyar yana aiki take duba shi. A tsakanin nan ki yi kwas ɗin gwajin bakin hanya na awa 24, irin wanda 'yan sanda suke yi, ki shiga ƙungiyar lauyoyi masu kare waɗanda ake tuhuma ta Texas, ki riƙa halartar tarukan NCDD, ƙungiyar da ta keɓanta da wannan fanni. Ofishin mai zaman kansa zan ce ki karɓa ne kawai in ya amsa tambayoyin can da kyau, malamin da Abba ya zaɓa ya ba da dama, kuma lissafin bashin ya nuna ba ki yi asara ba.

Mako biyu ba zai ishi duk wannan ba, don haka gobe ki rubuta wa mai ofishin, ki gode masa, ki nemi ƙarin kwana goma da izinin bin ɗaya daga cikin lauyoyinsa kotu na yini guda. Ki kira ofishin gwamnatin ki sanar da su kina da tayi a hannu mai wa'adi, sukan matso da ganawa in sun ji haka. In kuma daga ƙarshe ofishin mai zaman kansa kika zaɓa, ki sa a rubuta albashin da wanda zai riƙa duba aikinki da maganar fayilolin da aka rasa rai a cikin takardar ɗauka, kuma in kika ga sharaɗin da ya hana ki yin aikin lauya a Houston bayan kin bar su, ki ce a cire shi, dokar aikin lauya ta Texas ba ta yarda da shi ba.